Kayan hawan dutse a lokacin hunturu: inda ya kamata kuɗinka ya tafi

Daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu ne hawan dutse ya fi daɗi a Bauchi da Gombe. Ruwa ya ɗauke, gansakukar da ke sa dutse santsi ta bushe, hanyoyin ƙauye sun daina riƙe mota, zafin bazara kuma bai iso ba. Shi ya sa za ka ga matasa, har da magidanta da 'yan mata, suna haɗa kai ranar Asabar su fita bayan sallar Asuba, su hau su ga gari daga sama, su dawo gida kafin Magariba. Ina son wannan al'ada ta yaɗu, don duwatsun nan namu ne kuma da yawanmu mun tsufa a gindinsu ba mu taɓa ganin abin da ke bayansu ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake kashe kuɗin shiri. Mutum zai zuba fiye da rabin abin da ya tanada a kan jibgegiyar jaket mai soso, sannan ya zo da kambas ɗin da ƙasansa ya cinye, da ledar ruwa biyu a aljihu. Ɗarin da ya ba shi tsoro na awa biyu ne kacal, daga Asuba zuwa hantsi. Dutsen da zai taka da ƙishin da zai ji kuwa suna tare da shi har ya sauko. Don haka a wurina takalmi ne farko, ruwa na biye, ɗan rakiya na uku, sauran kaya kuma a saye su da abin da ya rage.

Wane dutse za ka hau?

Sai ka amsa wannan kafin ka shiga kasuwa, saboda duwatsun jihohin biyu ba iri ɗaya ba ne a ƙarƙashin ƙafa. Waɗanda suka kewaye garin Bauchi, irin su Warinje da Gudum, da Zaranda a kan hanyar Jos, da tsaunukan Mbula na Dass, dutse ne mai tauri, irin wanda ake fasawa a yi tsakuwar gini da shi. Yawancin hawansu a kan falale ne mai gangara da manyan ƙwallayen dutse da suka hau kan juna. A nan abin da ake buƙata shi ne ƙasan takalmi mai kama dutse. A Gombe kuwa, Dutsen Bima da ke kusa da Dadin Kowa dutsen yashi ne, har masana ƙasa suka sa wa wannan jinsin dutse na yankin sunansa. Yana marmashewa, yana barin yashi da ƙananan tsakuwa a kan hanya, kuma su ne ke kwashe ƙafar mutum wajen saukowa. Daga samansa, ranar da gari ya washe, ana hango kogin Gongola da ruwan madatsar Dadin Kowa. Tula a yankin Kaltungo ta fi sauƙi ga mai farawa, domin mota tana hawa da kai wani wuri mai nisa, sauran kuma tafiya ce a tsakanin gidaje da gonakin da aka yi wa matakala da jeren duwatsu, ga tsohon gidan yarin zamanin Turawa da ake zuwa gani. Kilang da ƙololuwar Tangale a wannan yanki tsaye suke sosai, ban ba wanda bai saba ba shawarar ya fara da su.

Akwai kuma Dutsen Kalban a cikin Yankari, mai shimfiɗaɗɗen kai, inda ake hango dajin daga sama. Wannan ba a zuwansa kai kaɗai, sai da ma'aikacin gandun, kuma tafiyar daga Bauchi ta haura kilomita 100, saboda haka a lissafa kuɗin shiga da na mota. Ladan wahalar shi ne ruwan Wikki, wanda ɗuminsa ke tsaye a wajen digiri 31 rani da damina. Wanda ya shiga shi da yammacin hunturu bayan ya sauko daga dutse ya san abin da nake nufi.

Takalmi

Huɗu ne ake yawan zaɓa a tsakaninsu. Akwai but mai dogon wuya da aka yi don hawan dutse. Akwai kambas mai gajeren wuya na masu gudu a daji, mai manyan haƙora a ƙasa. Akwai takalmin roba da makiyaya ke sawa. Sai kuma but ɗin ma'aikatan gini mai ƙarfe a baki, wanda mutane da yawa ke ɗauka don yana gida kuma ga shi da kwarjini. Wannan na ƙarshe a bar shi a wurin aiki. Nauyinsa zai gajiyar da cinya kafin a kai rabin hanya, ƙasansa ba ya lanƙwasawa ya bi siffar dutse, kuma wajen gangara ƙarfen nan zai dinga dukan yatsu har farce ya yi baƙi.

But mai dogon wuya yana da amfani biyu da ba a musu. Yana riƙe idon sawu idan ƙafa ta gurɗe a kan tsakuwa, kuma yana rufe daidai wurin da ƙaya da maciji suka fi samu. Idan Bima za ka, ko wuraren Kaltungo da Billiri inda za a ratsa busasshiyar ciyawa da gefen gonaki, shi zan ce ka saya. Aibinsa nauyi da zafi, kuma sabo yana bukatar a saba da shi kafin ya daina cizo. Kambas mai haƙora ya fi shi a kan falalen Bauchi da Dass: ba shi da nauyi, yana lanƙwasawa, tafin ƙafa yana jin dutse, kuma bayan hawan za ka ci gaba da sa shi a gari. Ga wanda zai sayi ɗaya tak kuma yawancin fitarsa a kewayen Bauchi ce, wannan ne zaɓina.

Takalmin makiyaya fa? An ce araha ba ta ado, amma kada a raina shi. Mutanen da ke bin shanu a kan waɗannan duwatsu kullum da shi suke hawa, kuma robarsa mai taushi tana kama busasshen dutse fiye da wasu kambas masu tsada da aka yi don titi. Sai dai ƙafar makiyayi ta yi kanta, taka ba ta yi ba. Ba shi da soso a ciki, kowace tsakuwa za ka ji ta, gumi ba ya fita, kuma idan babu safa mai kauri bororo zai tashi a dunduniya tun kafin Azahar. Ga hawan awa biyu zuwa uku, da safa biyu, ya wadatar, kuma ya fi silifas da takalmin ofis nesa ba kusa ba. Ga yini guda a Mbula, a'a.

Yanzu maganar sabo ko gwanjo. Sababbin da suka cika shaguna masu ɗauke da sunayen manyan kamfanoni, da yawansu kwaikwayo ne: sama kyakkyawa, ƙasa kuma wata busasshiyar roba mai ƙyalli da ke zamewa a kan dutse. A gwanjo, a kasuwar Wunti ta Bauchi ko babbar kasuwar Gombe, ana dacewa da na asali irin su Merrell da Salomon da Columbia, musamman idan ka je ranar da aka kwance sabuwar dila. Idan ka juya takalmi ka ga ɗan tambari ruwan ɗorawa mai kusurwa takwas an rubuta Vibram, to wani kamfanin Italiya ne da ya shahara a yin ƙasan takalman hawan dutse, kuma alama ce mai kyau. Amma gwanjo yana da tarko ɗaya da ya kamata kowa ya sani. Mai kaya zai ɗago maka but tsaf, haƙoransa ko ƙwarzane babu, ya ce, «Yallaɓai, duba nan, wallahi ko sau ɗaya ba a taka shi ba.» Yana iya yiwuwa gaskiya ya faɗa, kuma nan matsalar take. Sosan da ke tsakanin tafin ƙafa da robar ƙasa a irin waɗannan but, wanda ake yi da wani nau'in roba mai kumfa, yana ruɓewa da kansa idan ya shekara da shekaru a ajiye, saboda damshin iska yana cinsa a hankali. Daga waje ba a gani. Sai ka yi tafiyar awa ɗaya ƙasan ya ɓare, cikin ya dinga zuba kamar busasshen burodi, ga ka a tsakiyar dutse.

Don haka kada ka ji kunyar gwada shi a gaban mai shi. Kama baki da dunduniya ka lanƙwasa da ƙarfi, ka duba gefe ko tsaga ta buɗe. Murɗa shi yadda ake matse wanki. Danna farcen babban yatsa a cikin sosan tsakiya: mai lafiya zai lotsa ya dawo, ruɓaɓɓe zai bar rami ko ya yi gari ko ya yi danƙo. Sannan ka danna farcen a kan haƙoran ƙasa. Idan robar ta ɗan karɓi farce, za ta kama dutse. Idan ta yi tauri tana ƙyalli, ajiye. Takalmin da aka ɗan taka, haƙoransa suka rage kaɗan amma sosansa na da rai, ya fi wanda ya shekara da shekaru a akwati. Wanda ka saya kuma, ka biya ta wurin mai gyaran takalmi ya zagaye ƙasan da ɗinki, domin gam ɗin da ya tsufa ba ya jure zafin dutse da rana.

Wajen awo, ka je kasuwa da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, ka tafi da safar da za ka hau da ita. Bayan ka ɗaure igiya, a samu sarari kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakin takalmi, dunduniya kuma kada ta dinga ɗagawa. Nemi wuri mai gangara, ko bakin kwata ne, ka tsaya kana fuskantar ƙasa. In yatsu sun taɓa gaba, ƙara lamba ɗaya. Yawancin ciwon ƙafa a hawan dutse wajen saukowa ake samunsa.

Wani abu da ake ƙara wa kuɗi a kansa shi ne rubutun Gore-Tex, wato shimfiɗar da ke hana ruwa shiga. An yi ta don ƙasashen ƙanƙara da yayyafi. A hunturunmu da ko raɓa ba ta cika sauka ba, zafi kawai za ta ƙara wa ƙafa. In ka same shi a farashi ɗaya, to. Amma kada ka biya ƙari dominsa. Safa kuwa ka nemi mai kauri wadda ta wuce idon sawu, ta ulu ko ta 'yan ƙwallo. Ta auduga zalla tana shan gumi ta riƙe, daga nan sai gurzuwa. Ka sa guda ta biyu a jaka, da filasta, don ƙarangiya in ta cika safa wani lokaci sauyawa ya fi tsincewa sauƙi.

Ruwa, da abin zuba shi

Iskar hunturu busasshiya ce ƙwarai, damshinta kan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Gumi yana fita yana bushewa nan take, riga ba ta jiƙewa, sai mutum ya ɗauka bai yi asarar ruwa ba. Ciwon kai da jiri da ɗaurewar tsoka da ke kama mutane a saman dutse, yawanci daga nan suke. Lissafin da ake bi shi ne kusan rabin lita a kowace awa ta tafiya. Fitar awa biyar zuwa shida ke nan lita 3 ga mutum ɗaya, wato kilo 3 a baya, kuma ban da na alwala. Wanda ba ya son ƙarin nauyi ya riƙe alwalarsa ko ya tambayi malamai hukuncin taimama kafin ya fita, kada ya taɓa ruwan sha.

Ruwan leda shi ne mafi araha, kowace ɗaya rabin lita, shida sun cika lissafi. Matsalarsa tana fashewa a jaka idan ka jingina da dutse, in ka buɗe sai ka shanye, kuma ita ce ke ɓata mana duwatsu. Ka hau wuri mai kyau ka tarar da ledoji sun maƙale a kowace ƙaya, abin yana ci mini rai. Gorar roba mai lita ɗaya da rabi, irin ta ruwan kanti da aka wanke aka sake cikawa, guda biyu, ita ce ta fi dacewa da yawancin mutane: kusan kyauta ce, ba nauyi, tana da murfi. Gorar ƙarfe tana daɗewa kuma mai bango biyu tana riƙe sanyi, amma nauyinta da kuɗinta sun fi amfaninta a wannan lokaci da ruwa ba ya saurin ɗumi. Akwai jakar ruwa mai tiyo da ake sawa a cikin jakar baya ana zuƙa ana tafiya. Tana sa mutum ya sha a kai a kai, wannan gaskiya ne, sai dai bakin tiyon yana kwasar ƙura, wanke ta aiki ne, kuma masu arahar suna yoyo. Sai wanda ya mayar da hawan dutse abin kowane mako zan ce ya saya. Ƙaramin fulas na shayi mai citta da kanumfari ba dole ba ne, amma a saman dutse da ƙarfe takwas na safe, iska na kaɗawa, ba na ganin laifin wanda ya ɗauko shi. A haɗa da ƙunshi ɗaya ko biyu na gishiri da sukarin da ake sayarwa a kemis, na masu gudawa, don wanda jiri ya kama.

Guzuri ba ya bukatar dogon bayani. Dabino, gyaɗa, ƙuli-ƙuli da lemon zaƙi sun isa. Kilishi yana da daɗi amma yana jawo ƙishi, ayaba kuma tana dagargajewa a jaka.

Kayan sawa

Da Asuba a Disamba da Janairu sanyi kan sauka zuwa wajen digiri 13 zuwa 15 a Bauchi da Gombe, da rana kuma ya haura 30. Tsawo yana rage zafi da kimanin digiri 6 zuwa 7 a kowace mita 1,000, kuma yawancin duwatsunmu 'yan ɗaruruwan mitoci ne suka ɗara filin da ke gindinsu. Ke nan bambancin sama da ƙasa digiri biyu ne ko uku. Abin da ke sa haƙora kaɗawa a ƙololuwa iska ce, tana bugun jikin da ya yi gumi. Maganin iska kuwa ba kauri ba ne, yadi ne mai matsattsen saƙa da ba ta ratsawa.

Saboda haka tsakanin jaket mai soso da 'yar shara-sharar jaket ta leda mai zif, ta biyun ce ta hawan dutse. Tana naɗewa ta shiga aljihun jaka, kuma a gwanjo ba ta kai rabin kuɗin waccan ba. A ƙarƙashinta a sa suwaita mara nauyi, a can ciki kuma riga mai dogon hannu da ke saurin bushewa. Jesin 'yan ƙwallo yana wannan aiki sarai. Da hantsi ka cire ta sama, da rana ka cire ta tsakiya, in ka kai sama ka zauna hutawa ka mayar da ta iska. Mai jibgegiyar jaket zaɓi biyu gare shi, ko ya dahu a ciki ko ya rungume ta a hannu, alhali hannun nan ana bukatarsa wajen dafa dutse. Launi ma a duba. Rani lokacin farauta ne, ja ko ruwan lemo ya fi ruwan ƙasa, don a hango ka daga nesa a san mutum ne.

Wando dogo, mai ɗan sakewa a gwiwa. Jins yana kare ƙafa daga ƙaya amma matsattse yana hana ɗaga ƙafa. Ga 'yan'uwa mata, shigar da na ga ta fi aiki ita ce wando mai faɗi da riga zuwa gwiwa ko ƙasa kaɗan, da hijabi matsakaici da bai wuce ƙugu sosai ba. Dogon hijabi har ƙasa iska tana cika shi, yana kama ƙaya, kuma yana rufe wa mai shi ganin inda za ta sa ƙafa. Sutura ta cika ba tare da an sa rai a haɗari ba. Ana iya riƙe babban a jaka don sallah da shiga gari.

A kai, malafa ta fi hular hana-salla inuwa domin tana rufe wuya da kunne, amma sai da igiyar haɓa, in ba haka ba iska ta tafi da ita. Hirami ya fi su duka yawan aiki: da safe ya rufe kunne, da ƙura ya rufe hanci, da rana ya yi inuwa, da Azahar a shimfiɗa shi. Mai asma ko mai yawan mura kada ya dogara da hirami ko takunkumin yadi, ƙurar hunturu ta fi ƙarfinsu laushi. Ya sayi takunkumi mai lamba N95 ko KN95 a kemis, ya riƙe abin shaƙarsa a aljihun gaba, ranar da hazo ya yi kauri kuma ya haƙura. Man kaɗanya ko basilin, duk wanda ke gida, a shafa a leɓe da cikin hanci da dunduniya saboda tsagewa da haɓo da faso. Turare kuwa a bar shi ranar, domin ƙudan zuma suna kafa saƙa a kogunan duwatsun nan kuma ƙamshi yana jawo su.

Jaka, sanda, tocila

Jakar baya mai cin lita 20 ta ishi fitar yini. Jakar makaranta mai ƙarfi za ta yi, amma in za ka saya, nemi mai madauri a ƙugu da ƙirji, don nauyin ruwa ya sauka a kwankwaso kuma jakar ta daina lilo idan ka sunkuya. Aljihun gefe na gora yana da amfani. Ja zif ɗin sau da yawa kafin ka biya, shi ne ke fara mutuwa da ƙura, kuma mai manyan haƙora ya fi jurewa. Jakar rataye a kafaɗa ɗaya tana karkatar da mutum, ba ta wannan aiki ba ce.

Sandar ƙarfe mai shigewa cikin juna tana da kyau a Bima da Tula, inda ƙasa ke da yashi, kuma tana rage wa gwiwa wahala wajen gangara. A kan falale kuwa tsininta na ƙarfe zamewa yake. Sandar makiyaya ta itace ba ta da wannan matsala sosai, ga araha, ga amfanin buga ciyawa kafin a sa ƙafa. Ita zan ɗauka. Tocila ta goshi ta fi ta hannu, ta hannu ta fi ta waya. A watannin nan rana tana faɗuwa wajen ƙarfe shida, da hazo kuma duhu yana riga lokacinsa, don haka ko da niyyar dawowa da La'asar ka fita, sa tocila a jaka. Fawa bank mai 10,000mAh ya isa. Waya tana shan caji da sauri a inda take ta neman sabis.

Hazo da madubin hangen nesa

Duk wannan wahala don a ga nesa ake yin ta, kuma nan hunturu yake da nasa hali. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, takan yi kaurin da har jirage ke fasa sauka. A irin wannan rana kana saman Zaranda ba za ka ga komai ba sai fari. Mutane kan yi zaton madubin hangen nesa zai magance wannan, su sayi mafi girma da suka samu. Ba ya ratsa ƙura, abin da ido ya gani dushi-dushi shi zai ƙara wa girma. Idan kana so don kallon tsuntsaye ko garuruwan ƙasa ranar da gari ya washe, duba lambobin da ke jikinsa. Ta farko yawan kusantowa ce, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Mai 8x42 ya fi daidaituwa a hannu kuma yana da haske. Mai 10x50 ya fi nauyi, hoton yana rawa a hannun da ya gaji. Ƙarami mai 8x25 yana shiga aljihu kuma da rana tsaka ya wadatar. Waɗanda aka rubuta musu manyan lambobi na ban mamaki a kan ɗan kuɗi kaɗan, a wuce su. A gaskiya madubi ɗaya ya ishi ayari guda, a yi karo-karo ko a ara.

Abin da ya fi madubi shi ne zaɓen rana. Hazo zuwa yake kashi-kashi, ya yi kwanaki ya lafa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗin ƙura, ana ji a rediyo ana gani a intanet. Hanya mafi sauƙi kuma ita ce ka zaɓi wani dutse mai nisa da ake hangowa daga unguwarku, ka dube shi da yammacin jajibiri. In ya fito sarai, a shirya. In ya ɓace, a ɗaga zuwa wani mako, ba a yi asarar komai ba.

Kuɗin da ba a kasuwa ake kashe shi ba

Kowane dutse a yankin nan yana da masu shi. Akwai gonaki a jikinsa, akwai makabarta, akwai wuraren da mutanen gari ke girmamawa ba sa son baƙo ya taka, musamman a Tula da Dass, Bima ma tana da nata matsayi a tsofaffin labaran bayyanar Mahadi. In kun isa, ku fara da ƙofar mai unguwa ko dagaci. A cire takalmi, a durƙusa a gaisa: «Ranka ya daɗe, baƙi ne daga Bauchi, mun zo ganin dutse, muna neman izini da wanda zai raka mu.» Da wuya a hana ku, kuma yawanci za a haɗa ku da saurayi ko maharbin da ya san kowace tsaga. Shi ya san inda zuma take, inda aka sa wa ciyawa wuta jiya, hanyar da ke kai wa ga bango marar mafita, da kuma ko dajin lafiya yake a makon nan, abin da a zamanin yanzu ba a wasa da shi. A yi ciniki da shi tun a ƙasa, a biya shi da mutunci, a ba shi ruwa da guzuri daidai da na kowa.

Sai maganar maciji, tunda Kaltungo da kewayenta sun yi suna da kububuwa, har akwai asibiti na musamman na masu saran maciji a garin. A sanyi ba su cika yawo kamar lokacin noma da girbi ba, amma suna kwanciya a ƙarƙashin duwatsu da tarin kara, suna fitowa shan hantsi. Kada a zura hannu a ramin da ido bai gani ba, kada a ɗaga dutse don a zauna. Akwai kayan da ake tallatawa, baƙin dutsen da ake mannawa a kan sara da 'yar na'urar zuƙe dafi. Kada ka sayi ko ɗaya. Likitoci sun hana tsagawa da tsotsa da ɗaure ƙafa tamau, domin dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, tsagawa kuma ƙara zubarsa take. Abin yi shi ne a cire zobe da duk abin da ya matse, a hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum a kai shi asibitin da ke da allurar dafi ba tare da an biya ta wani wuri ba. Saboda haka kuɗin da za a ba mai baƙin dutse gara a riƙe shi a matsayin kuɗin mota, a kuma karɓi lambar wani ɗan acaɓa na garin kafin a fara hawa.

Ranar sayen takalmi kuma, ka nemi alkawari daga mai kaya cewa in ya matse za ka dawo ka canza cikin kwana biyu ko uku. Yawancin 'yan gwanjo suna yarda idan ba a ɓata shi ba. Ka saye shi aƙalla mako guda kafin fitar, ka sa shi da safar nan ka je masallaci da kasuwa, ka hau bene ka sauko. Inda ya fara ja a fata, nan za ka manna filasta tun a gida ranar hawan.